Wane Kiɗan Fiyano Ne Ya Fi Wuya?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu sha'awar kiɗan fiyano, har yau kuwa ba a kashe bakinta ba. Gardamar ita ce, cikin manyan kiɗe-kiɗen nan da ake kira kwanceto, wanne ne ya fi wuyar kaɗawa? Shi dai kwanceto dogon kiɗa ne rubutacce, inda mutum ɗaya zai zauna gaban fiyano, a bayansa kuma ga ƙungiyar makaɗa, masu goge da masu busa da masu ganga, in ya faɗa su amsa, in sun faɗa ya amsa, har rabin sa'a ko fiye. Fiyanon nan maɓallansa 88 ne, shi kuwa makaɗi yatsunsa goma ne kacal, sa'an nan al'ada ta ɗora masa ya haddace kiɗan duka, kada a gan shi da takarda a gabansa.

In aka soma wannan musu, sunan da ake fara ambata shi ne kwanceto na uku na Sergei Rachmaninoff, mutumin Rasha. Ya tsara shi cikin 1909 domin wata tafiya da zai yi zuwa Amurka, kuma saboda ƙurewar lokaci, a cikin jirgin ruwa ya riƙa gwada shi bisa wasu maɓallai marasa sauti, har ya kaɗa shi karon farko a birnin Niyu Yok ran 28 ga watan Nuwamba na wannan shekara. Wuyarsa ita ce yawa da nauyi. Kusan minti arba'in ana yi, hannu biyu cike da maɓallai, ba wurin hutawa sai kaɗan, kuma mafi tsananin aikin yana can ƙarshe, lokacin da damtse ya riga ya gaji.

To, amma wasu sun ce a'a, na biyu na Sergei Prokofiev ya fi shi. Shi ma mutumin Rasha ne, yana da shekara 22 ya kaɗa shi cikin 1913, masu sauraro suka rabu biyu, har wasu suka tashi suka fita. Takardun kiɗan suka ƙone a lokacin hargitsin juyin mulkin Rasha, sai ya sake rubuta shi cikin 1923. A kashinsa na farko akwai wurin da ƙungiyar makaɗa za ta yi tsit, a bar mai fiyano shi kaɗai wajen minti biyar yana tsalle da hannuwa daga wannan ƙarshen fiyano zuwa wancan. Da ya fita daga nan kuma sai kashi na biyu, inda hannu biyu za su yi ta gudu tare, ba tsayawa ko da ta ƙiftawar ido, har a ƙare. Wanda yatsansa ya zame a nan ba shi da inda zai dafa ya miƙe.

Akwai kuma mutanen Johannes Brahms, Bajamushe, wanda ya kaɗa kwancetonsa na biyu da kansa a birnin Budafes cikin 1881. Kashi huɗu gare shi maimakon ukun da aka saba, yana kuma cin wajen minti hamsin. Abin da ya sa makaɗa ke shakkarsa shi ne, wuyarsa ba ta fitowa fili. Yatsu za su sha murɗiya da buɗewa da tsalle, amma mai sauraro natsuwa kawai zai ji, watau a yi aikin jaki, ba a samu tafin da ya kai aikin ba. In kuwa tsawo ne ma'auni, to, duk sai su sara wa Ferruccio Busoni, mutumin Italiya, wanda nasa na 1904 ya kai minti saba'in, har da ƙungiyar mawaƙa maza a ƙarshensa.

Mai karatu zai lura cewa masu gardamar nan ba abu ɗaya suke aunawa ba. Wannan ƙarfin damtse yake nufi, wancan saurin yatsu, wani kuma juriya. Wa zai ce ga wanda ya fi shan wuya tsakanin mai haƙar rijiya da maɗinkin babbar riga? Kowa da inda ke yi masa ciwo.

Bugu da ƙari, hannu ma ba ɗaya ba ne. Rachmaninoff dogo ne mai manyan hannuwa, abin da wani sai ya raba biyu, shi da damƙa ɗaya yake ɗauka. Ya sadaukar da kwanceton nan na uku ga Josef Hofmann, wanda shi kansa yake gani babu kamarsa a zamaninsu, amma Hofmann bai taɓa kaɗa shi a bainar jama'a ba. Hannuwansa ƙanana ne, har kamfanin Steinway ya ƙera masa fiyano mai sirantattun maɓallai. Shin wannan ya rage masa gwaninta? Ko kusa. Ga kuma Paul Wittgenstein na ƙasar Ostiriya, wanda ya rasa hannunsa na dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Maurice Ravel na Faransa ya tsara masa kwanceto na hannun hagu kaɗai, ya kaɗa shi a Biyana cikin 1932, aka shirya shi yadda in mutum ya rufe ido zai rantse hannu biyu yake ji. A wane mataki za a ajiye wannan?

Har ila yau, wuya tana tsufa. A ƙarshen 1874 Tchaikovsky ya kai kwancetonsa na farko wurin Nikolai Rubinstein, shugaban makarantar kiɗa ta Mosko, shi kuwa ya kushe shi tas, ya ce ba ya kaɗuwa. Tchaikovsky ya ƙi sauya shi, aka fara kaɗa shi a Bostan cikin 1875, daga baya Rubinstein da kansa ya sauko ya riƙa kaɗa shi. Cikin 1958 wani saurayi Ba'amurke mai shekara 23, Van Cliburn, ya haɗa shi da na uku na Rachmaninoff ya ci gasar Mosko. Yau ɗalibai ne ke shiga gasa da su. Dutsen da kakanni suka kewaye, ga shi jikoki suna hawa.

A nan ne gardamar take da haɗari ga matasan makaɗa. In aka mai da kiɗa filin kokawa, yaro zai ƙare ƙuruciyarsa yana neman sauri da ƙarfi, wani ma ya ji wa hannunsa ciwon da zai raba shi da sana'ar, alhali abin da aka zo saurara bai samu ba. Shi ya sa tsofaffin gwanaye da yawa, in aka tambaye su, sai su ambaci Mozart, wanda ya rasu tun 1791, lokacin da fiyano bai wuce maɓallai 61 ba. Kiɗansa ba cunkoso, yaro ma zai iya bin maɓallan. Amma fa farar riga ce, ɗigon manja ɗaya kowa zai gani. A kiɗan Rachmaninoff kuskure yana iya ɓacewa cikin rugugi, a na Mozart kuwa ba wurin ɓuya.

Saboda haka wanda ya nace sai an jera masa na ɗaya da na biyu, ba zai rasa mai jera masa ba, illa dai jerin bai wuce labarin hannun mai jerawa ba. Gwanin gaske shi ne wanda zai kwashe shekaru yana fama da wurin da ya fi wuya, ran da ya fito gaban jama'a kuwa ya wuce ta wurin, ba wanda ya san akwai wuya a nan. In mutane sun fita suna cewa kai, wannan kiɗa da wuya yake, to, da sauran aiki. In sun fita suna maimaita amon a zukatansu, makaɗi ya biya bashinsa.