Kafin a Sa Rana, Sai da Na Tura Shi Asibiti

Kowace budurwa da abin da take yi wa saurayinta rigima a kai, wata atamfa, wata sarƙa. Ni tawa rigimar a kan zuciyarsa ce, ainihin tsokar nan mai bugawa a ƙirji.

Wanda zan aura masunci ne a dam ɗin Mairuwa, nan Funtua, kuma gwanin nutso. In taru ya maƙale ko wani ya nutse, shi ake kira. Sai na ji abokansa suna cewa in ya fito yakan daɗe yana haki, har da dafe ƙirji. Shi kuwa wai gajiya ce.

Yayata nas ce, ita ta fahimtar da ni. Ruwan sanyi yana matse jijiyoyi, jini ya taru a ƙirji, aiki ya yi wa zuciya yawa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya yana iya sumewa can ƙasa, inda ba mai ganinsa. Ta ce ko a Turai, masu sana'ar nutso da tulun iska a baya sai likita ya auna jininsu, ya gwada bugun zuciyarsu da na'ura.

Na ce masa, "Wallahi Yayana, ba za a sa rana ba sai ka ga likita." Sati biyu bai zo zance ba. Na sha kuka, amma ban janye ba.

Ashe jininsa 160 bisa 100 ne, alhali daga 140 bisa 90 hawan jini yake farawa. Yanzu yana shan magani, an hana shi nutso sai jinin ya daidaita.

Ƙawata, in naki yana irin wannan haki, gara fushinsa da takabarsa. Allah ya bar mu da masoyanmu.