Daga Kakuri Zuwa Barnawa: Gajeriyar Hanya Mai Cin Samari

Duk wanda ya baro filin wasa na Ahmadu Bello ya hau gadar da ta ratsa kogin Kaduna, ya san ya doshi wata Kadunar dabam. Tun bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002 kogin nan ya zama iyaka a zukatan jama'a, akasarin Musulmi suka tattara a arewacinsa, akasarin Kirista kuma a kudancinsa. Na haye gadar ne wata safiya domin in raka yayata dubiyar ɗanta, wanda ƙwaya ta kwantar a Asibitin Masu Taɓin Hankali na Tarayya da ke Barnawa. Da yake lokacin ganin marasa lafiya bai yi ba, sai ta ce mu fara biyawa ta Kakuri, unguwar da marigayi mijinta ya yi aikin masaƙa, inda kuma yaron ya tashi.

Wanda bai san Kakuri a da ba, zai yi wuya ya yarda cewa nan ce cibiyar masana'antun Arewa. A nan masaƙar KTL ta soma aiki a 1957, zamanin Sardauna, sannan Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya. A nan aka buɗe kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Dubban ma'aikata daga kowace ƙabila ke tururuwa a ƙafa da kan kekuna idan jiniya ta yi kuka, masu abinci da masu gidajen haya a Makera da Nasarawa duk suna ci daga wannan arziki. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Yau ciyawa ce ke gadin wasu harabobin, rufin kwano ya yi tsatsa, katangu sun tsattsage.

A gindin irin waɗannan katangu na ga abin da ya gaji jiniya. Samari ne zaune rukuni-rukuni da hantsi, lokacin da iyayensu a da suke tsaye gaban injin saƙa. A cikin kwata akwai yasassun kwalaben maganin tari da fankon katin ƙwaya, iska kuma tana kaɗo warin wiwi daga wani kango. Wani dattijo mai sayar da goro da ya gane yayata ya yi mata jaje, ya shaida mana cewa yaran da yake gani a kangon nan, da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, kwalba ɗaya suke zagayawa da ita. Ashe iyakar da kogi ya shata wa iyaye, dillalin ƙwaya bai san da ita ba.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin kwalbar da katin. Kodin ɗan gidan su hodar Iblis ba ne, dangin mofin ne, domin hanta kan juya wani kaso nasa ya zama mofin. Yana sa maye da kasala, idan ya yi yawa ya danne numfashi. Tramol maganin ciwo ne da likita kan rubuta a ma'aunin miligiram 50 ko 100, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa yakan kai 225. Lebura da ɗan acaba kan fara shan sa don kashe gajiya, sai jiki ya saba, ɗaya ta daina isa, a koma biyu da uku. Daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya. Ranar da aka rasa kuwa, sai ciwon gaɓoɓi da gumi da gudawa da rashin barci su taso, har mutum ya sayar da tukunyar uwarsa don ya samu sauƙi. Wiwi, wadda wasu ke rainawa, tana iya tayar da taɓin hankali ga matashin da ya fara ta da wuri. Sholisho kuwa ƙwaƙwalwa yake ci kai tsaye.

Wannan ba ciwon Kakuri kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken BBC a kan kodin, Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kwalaben da na gani a kwata sun isa shaida cewa haramci a takarda bai kashe kasuwa ba.

Daga Kakuri zuwa Barnawa tafiyar mintuna ce a Keke. A unguwar ne kuma gidan horar da kangararrun yara yake, don haka samarin da suka zame daga Kakuri, ɗayan ƙofofin nan biyu ke jiran da yawansu. A harabar asibitin na tarar da iyaye mata zaune da kwanukan abinci, wata da hijabi, wata da ɗankwali da zane, suna yi wa juna sannu cikin Hausar Kaduna. Yayata ta sayar da keken ɗinkinta kafin ta kawo ɗanta nan. Sa'ar da ta yi ita ce ba ta kai shi gidan mari ba, domin ba mu manta da mutum fiye da 300 da 'yan sanda suka kuɓutar daga wani gida a Rigasa a watan Satumbar 2019 ba, wasunsu da sarƙa a ƙafa.

Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana kame tana ƙona kaya, kuma aikinta abin yabo ne. Amma ba a raba hanta da jini: muddin saurayi zai wayi gari ba shi da inda za shi, dillalin da aka kama yau wani ne zai maye gurbinsa gobe. Ina kira ga gwamnatin jiha da ta mayar da wasu daga cikin harabobin masaƙun da suka mutu wuraren koyon sana'a, ta kuma sauƙaƙa kuɗin jinyar masu shaye-shaye, ta kai shawara da magani asibitocin unguwanni. Limamai da fastocin gaɓoɓin kogin biyu su ma su zauna a kan tabarma ɗaya, tunda 'ya'yansu sun riga su zama.

Da la'asar muka sake hawa gadar. Yayata ta ce likita ya gaya mata za a sallami yaron nan da 'yan makonni, sannan ta juyo ta tambaye ni: "Ƙanena, idan ya fito, ina zan kai shi?" Har muka sauka daga gadar ban ba ta amsa ba.