Kowa Da Allonsa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a ƙasar Salka, cikin Ƙaramar Hukumar Magama ta masarautar Kwantagora. A duk tsawon wannan lokaci ban taɓa jin kunya irin wadda na ji ranar da wata 'yar na'ura ta tona mini asirin ajina ba. Labarin da zan ba ku ke nan, jama'a, ko wani malami ya ƙaru.

Yadda muke koyarwa ba ɓoyayyen abu ba ne. Malami ya shigo da allinsa, ya duba manhaja, in ta ce yau aljabara za a yi, to aljabara za a yi, ko da rabin ajin ba su iya rabawa ba. Mun zama kamar makiyayin da ke tafiya da saurin bijimi, ya bar maruƙa a baya. Alhali kuwa yaranmu ba daga wuri ɗaya suka taso ba. Da yawansu Kambarci suke yi a gida, su yi Hausa a kasuwa, sa'an nan su tarar da Turanci a aji. Wani damina kan ɗauke shi zuwa gona. Bugu da ƙari, annobar korona ta sa an rufe makarantu wata da watanni cikin 2020, kuma rashin tsaro ya sha katse karatu a sassan Jihar Neja.

Cikin 2023 ne wasu tsofaffin ɗalibanmu suka kawo mana gudummawar ƙananan kwamfutoci 12 masu siffar allo, irin waɗanda ake taɓa fuskarsu da yatsa. An zuba darussan lissafi a cikinsu, ba sai da intanet ba. Aikinsu shi ne su jefa wa yaro tambaya: in ya ci su hau da shi gaba, in ya faɗi su sauko da shi baya, har su tarar da inda ƙafarsa ta tsaya.

Akwai wani saurayi da kan zauna a ƙarshen aji, wanda a zuciyata na riga na yanke masa hukuncin daƙiƙanci. Da na duba sakamakonsa, sai na ga allon ya sauko da shi har darasin firamare. Ashe a ganinsa ɗaya bisa takwas ta fi ɗaya bisa huɗu, tun da takwas ta fi huɗu. Na kira shi gefe na ce, "Kai, in an raba buhun dawa ga mutum huɗu, aka raba wani ga mutum takwas, su wa suka fi samu?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai ko ƙanena ya san wannan." Watau ilmin yana kansa, babu dai wanda ya taɓa haɗa masa shi da abin da ke rubuce. Shekara guda ina ɗora masa gini a kan rami, ina kuma zarginsa da rushewar ginin.

A daren nan na tuna da makarantar allo da na yi ina yaro. A can kowa da allonsa, kowa da inda karatunsa ya tsaya. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, ga wani can ya yi nisa, duk a tsakar gida ɗaya. Ba a yi maka ƙari sai ka biya na jiya, ba ka wanke allo sai ka iya abin da ke kansa. Abin da masana ilmi na yau ke kira koyar da kowane ɗalibi gwargwadon matsayinsa, ashe kakanninmu sun daɗe suna yin sa da tawada da alƙalami.

Saboda haka na kasa ɗalibaina 64 kashi uku. Sa'ad da kashi ɗaya ke kan alluna, biyu-biyu, wani kashin yana aiki a littafi, ni kuwa na zauna da waɗanda suka fi bukatata, sa'an nan a juya. Ban sa wa kowane kashi sunan da zai nuna na gaba da na baya ba, domin saurayi ɗan shekara 17 ya gwammace ya faɗi jarrabawa da a ji yana koyon darasin ƙannensa. A nan ne na ga wani amfanin allon: ba ya tsawa, ba ya dariya, ba ya kuma gajiya da maimaici.

Amma fa kada mai karatu ya zaci na'ura ita ce maganin kome. A ƙasar Peru an raba wa yaran firamare kwamfutoci masu ɗimbin yawa, amma binciken da aka fitar cikin 2012 bai ga wani ci gaba a lissafinsu ba. A birnin Delhi na Indiya kuwa, inda aka gwada wata manhajar kwamfuta mai suna Mindspark, wadda ke bin matsayin kowane yaro, an ga ci gaba sosai cikin 'yan watanni. A nan gida ma Jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare irin waɗannan alluna cikin 2013, da sunan Opon Imo, watau allon ilmi. Darasin da na ɗauka shi ne, ba mallakar allon ke ƙara ilmi ba, sai in ya tarar da yaro inda yake, kuma akwai malami a tsaye.

Wahala ma akwai ta. Ko da yake madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama cikin 1968, ba ta da nisa da mu, da farantin hasken rana muke yin caji. Ƙurar hunturu ta kashe mana allo biyu. Ga kuma manhaja tana kora ta kullum, domin mai jarrabawa ba ruwansa da inda yaro ya faro.

Duk da haka ban yi nadama ba. Wanda bai sami kiredit a lissafi ba, a jarrabawar WAEC ko ta NECO mai hedkwata a Minna, yawancin ƙofofin jami'a a rufe suke gare shi, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawar JAMB. Saurayin nan bai zama zakaran aji ba, amma yanzu yakan warware aljabara mai sauƙi da kansa, har ya dawo layin gaba da zama.

Kirana ga 'yan'uwana malamai shi ne, ko babu allo ko ɗaya, takarda da tambayoyi goma sun isa ka gane inda kowane yaro ya tsaya. Ga hukumomin ilmi kuwa, in za a sayi na'ura, a fara da horar da wanda zai riƙe ta. Allah Ya sa mu sauke nauyin da ke kanmu, amin.