Ƙaiƙayin da Ke Bin Lokaci

Da hazo ya sauka, mutum atishawa yake yi, hanci ya toshe, ido ya yi ja. Kare kuwa a fata abin yake fito masa. Za ka gan shi kwance a gindin bishiya ya duƙufa yana lasar dagin gaba, yana cusa haƙori tsakanin yatsu. Can ya ɗaga ƙafar baya ya hau susar kunne, ya karkaɗa kai, ya goga fuska a ƙasa. In ka kwantar da shi ka duba hammata da mara, inda gashi ba shi da yawa, sai ka tarar sun yi jawur. In farin kare ne, gashin dagin har rinewa yake yi ya koma ruwan ƙasa saboda yawan yawu.

Yawancinmu da mun ga haka sai mu ce kirci ne. Sau da yawa ba shi ba ne. Garkuwar jikin dabbar ce take bore a kan abin da bai isa cutarwa ba: garin furen ciyawa a ƙarshen damina, funfunar da danshi ke haifarwa, ko ƙananan ƙwarin da ke zaune cikin ƙurar ɗaki waɗanda ido ba ya gani. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwaso mai yawa daga kwarin Bodele a Chadi, tana ƙara busar da fata ta tsattsage, abin ya daɗa samun hanyar shiga. A kare, matsalar takan fara ne tsakanin wata 6 da shekara 3 da haihuwa. Sau da yawa takan bi lokaci: ta zo bana a wani wata, ta lafa, baɗi war haka ta dawo.

Ta mage ta fi ba ni tausayi, domin ita ɓoye ciwo take yi. Kowa ya san mage da lasar jiki, don haka babu mai lura idan lasar ta wuce kima, sai ranar da ta miƙe a tabarma aka ga cikinta fes babu gashi. Shafa bayan wuyanta zuwa gadon baya da tafin hannu: in ka ji ƙananan ɓawon ƙuraje kamar an watsa gero a ƙarƙashin gashin, to fatar ce ke bore. Wata kuma a ƙirji yake kama ta. Takan durƙusa ta miƙa wuya tana tari busasshe. Duk magen da aka ga tana numfashi da baki buɗe, a ranar za a kai ta asibitin dabbobi, ba a jira gobe.

Da damina kuwa, ƙuma za a fara zargi kafin komai. Wasu dabbobin yawun ƙuma ne jikinsu ba ya so, cizo ɗaya ko biyu ya isa su kwana suna susa, musamman a gindin wutsiya. Mai gida ya duba bai ga ko ɗaya ba, ya ce ai babu. Alhali waɗanda ke jikin dabbar kaɗan ne. Ƙwai da tsutsotsinsu na cikin tsumman da take kwana a kai da tsagar daɓe, kuma macen ƙuma ɗaya na iya yin ƙwai har 50 a rana.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne maganin da ake yi. A shafa wa kare baƙin mai, ko kalanzir, ko a yi masa wanka da fiya-fiya. Fatar da ta riga ta tsage ce ake zuba wa guba, kuma dabbar za ta lashe. Mage kuwa, ƙwayar Panadol ɗaya na iya kashe ta, don hantarta ba ta iya sarrafa shi. Haka ma maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da sinadarin famitirin: ga mage guba ne, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya.

Abin da ke taimakawa mai sauƙi ne. A goge dagi da ciki da jiƙaƙƙen tsumma in dabbar ta dawo daga yawo, a wanke shimfiɗarta duk mako a shanya a rana, a yayyafa ruwa kafin shara. Wannan larura ba a rabuwa da ita gaba ɗaya, lallaɓa ta ake yi. In kunne ya fara wari ko fata ta fara ruwa, ƙwayoyin cuta sun shiga ke nan, sai likitan dabbobi. Shi zai kankare fatar kaɗan ya duba a madubin likita, ya bambance bore da ƙazuwa da makero, wanda yara kan ɗauka daga mage.

Don Allah, mai kare ko mage, ka riƙe watan da susar ta fara da watan da ta lafa. Shi likita zai fara tambayarka.