Zinariyar Maryamu

A makarantun kwana na Arewa a shekarun 1970 da 1980, da wuya ka leƙa bakin ofishin shugaban makaranta ba ka ga furen nan ruwan ɗorawa ba, an kewaye shi da duwatsun da aka shafe da farar ƙasa. Mu 'yan aji ɗaya mu ke ba shi ruwa, da sassafe cikin hunturu, bokiti a ka, haƙora na kaɗawa. Ba shi da ƙamshin a zo a gani. In ka murza ganyensa, wani wari mai kaifi zai liƙe maka a yatsu har lokacin karin kumallo. Amma ina ƙaunarsa, don ba ya da raki: rana ta dake shi, ƙura ta lulluɓe shi, gobe ka tarar ya sake buɗewa. In ya bushe sai mu ɓare kan, mu zazzage irin nan baƙi siriri a takarda, mu kai gida hutu.

Malaminmu na kimiyya Ba'indiye ne, kamar malamai da yawa na wancan zamani. Lokacin bikinsu na Diwali matarsa kan aiko a tsinko mata, ta jera a zare ta rataya a ƙofa. Genda suke kiransa. A bakin malamin na fara jin cewa marigold, sunan da muka haddace ba tare da tambaya ba, ma'anarsa zinariyar Maryamu, mahaifiyar Annabi Isa (AS). Kiristocin Ingila na dā ne suka raɗa don girmama ta. Na yi kwanaki ina jin daɗin wannan magana.

Sai dai furen da suka raɗa wa sunan daban ne. Kalandula ne, ɗan yankin Bahar Rum, wanda matan Turai kan jefa a tukunya ko su rina man shanu da cuku da shi. Namu kuwa daga Meziko ya fito. Mutanen Aztek sun daɗe suna noma shi, suna magani da shi, kafin Sifaniyawa su ci ƙasar a 1521 su tsallako da irinsa. Ya bazu a Arewacin Afirka, daga can ya ƙara shiga Turai, sai aka ɗauka ɗan Afirka ne. Har yau dogon ana ce masa na Afirka, gajeren na Faransa, alhali dukansu 'yan Meziko ne. Da Turawan Ingila suka ga launinsa ya yi kama da na kalandula, sai suka ɗora masa sunan. A 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya rubuta shi da sunan Tagetes.

Abin yana ci mini rai, a ce kowa ya samu rabo a sunan ban da masu shi. Su sempasucil suke cewa, wato fure mai ashirin, saboda yawan ninkinsa. Duk ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, a bikin tunawa da mamatansu, sukan cika maƙabartu da shi, su kuma barbaɗa shi daga bakin titi har cikin ɗaki, don a imaninsu launin da warin nan mai kaifi ne ke nuna wa mamaci hanyar gida.