Makulli Ɗaya

Mu uku ne maza a gidanmu da ke Mabera, kuma dukkanmu a ƙarƙashin Fijo muka girma. Baba, Allah ya jiƙansa, direba ne, ba bakanike ba, amma a shekara ashirin da ya yi yana jigila da 504 tsakanin Sakkwato da Illela, ba mu tuna ya kai ta gareji fiye da sau biyar ba. Irin motocin nan ne da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, waɗanda idan ka ɗaga bonet kana ganin ƙasa ta gefen inji. Duk Juma'a da safe za a shimfiɗa tsohuwar tabarma a ƙofar gida. Babbanmu ya wanke kafireta da fetur, na tsakiya ya goge fulogi, auta kuwa aikinsa miƙa sifana. Baba yana yi yana maimaita mana karatunsa: "Motad da ba ka iya gyarawa, ba taka ba ta."

Ko makulli bai taɓa tayar masa da hankali ba. Ranar da nasa ya faɗi a tasha, wayoyi biyu ya haɗa a ƙarƙashin sitiyari ya dawo gida. Washegari ya kwance gidan makullin, ya kai wa mai yankan makulli a Tsohuwar Kasuwa, kafin la'asar an goga masa sabo.

Bayan rasuwarsa muka sayar da Fijon, muka haɗa da ɗan abin da ya bari, muka sayi Corolla 'yar Kwatano ƙirar 2006. Makulli ɗaya aka miƙo mana, mai baƙin kai na roba. Mun ce za mu yanka na biyu gobe, goben da ta kai shekara uku ba ta zo ba. Na tsakiyarmu ne ke tuƙi, kuma da abin da yake shigowa da shi ake cefane, ake biyan kuɗin makarantar 'ya'yan Yaya da maganin hawan jinin Inna.

Ba mu bar al'adar Juma'a ba. Da kanmu muke juye baƙin mai, mu canja filta da fulogi da takalman birki, mu kankare farin garin da ke taruwa a kan batir. A garin da zafin watan Afrilu yake wuce digiri 40, mun san ba a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce. Abin da Baba bai koya mana ba, auta ya nemo shi a YouTube. Har alfahari muke yi a majalisa cewa bakanike bai san launin kuɗinmu ba.

A farkon 2022 aka koma hanyar Sabon Birni, ta Goronyo. Tun bayan da 'yan bindiga suka ƙone matafiya cikin mota a yankin a watan Disamban 2021, direbobi da yawa sun janye, kuɗin mota ya tashi. Mun yi lissafi a takarda, mun ga sawu ɗaya can ya fi biyu na Illela. Inna ta yi magana sau ɗaya, ta yi sau biyu. Muka ce ai da rana ake tafiya, kuma abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa. Ta yi shiru.

Ranar shida ga azumin shekarar, bayan an dawo daga sallar asuba, aka miƙa hannu ga ƙusar da ke bayan ƙofar zaure, ba makulli. Mun zazzage aljihun kowace riga, mun ɗaga katifu, mun bi hanyar masallaci da fitilar waya, har randa mun leƙa. Kafin azahar neman ya koma wani abu dabam. Yaya ya tuna cewa auta ya taɓa satar fita da motar da dare. Auta ya ce wanda ke tuƙi shi ya san inda ya jefar. Na tsakiya ya ce wanda ya hana a kashe kuɗi a yanka na biyu shi ya kamata a tambaya. Da ƙishirwar azumi a bakinmu muka faɗa wa juna maganganun da ba mu taɓa faɗa ba.

Sai muka yi abin da muka gada. Muka zura waya ta gefen gilashi muka buɗe ƙofa, muka kwance gidan makullin, muka kai aka yanka mana sabo. Ya shiga, ya juya, fitilun gaban direba suka kama, rediyo ya yi magana. Aka murɗa, inji ya yi ta gurnani amma ya ƙi tashi. Wata 'yar jar fitila tana ta ƙyaftawa kamar tana yi mana dariya. Muka duba fetur, muka canja fulogin da ba abin da ya same shi. A ƙarshe muka fere wayoyin ƙarƙashin sitiyari muka haɗa yadda muka ga Baba ya yi. Fis ya ƙone, batir ya mutu. Kwana uku ke nan mota ba ta fita ba.

A rana ta huɗu muka sauke girman kai muka je Sahara, inda muka saba sayen kayan gyara, aka haɗa mu da wani matashi mai aikin rewaya. Ya zo a babur da 'yar kwamfuta a jaka. Da ya leƙa ƙarƙashin sitiyari sai ya ɗago ya dube mu.

"Yaya, wa yat taɓa wayoyin ga?"

Babu wanda ya amsa.

"Ku gode Allah ba ku ƙone ƙwaƙwalwa ba."

A nan tsugune ya yi mana karatun da muka rasa. Cikin baƙin kan makullin akwai wani ɗan ƙwayar lantarki da bai wuce ƙwayar shinkafa da yawa ba. Ba ya buƙatar batir. Zoben da ke kewaye da bakin makulli shi ke ba shi wuta, shi kuma ya aika da lambarsa ga ƙwaƙwalwar mota. Idan lambar ba wadda ta sani ba ce, sai ta hana mai da wuta isa inji, ko da kuwa haƙoran makullin sun yi daidai. Don maganin ɓarayi aka ƙirƙiro shi, kuma a Jamus da Ingila tun 1998 doka ta wajabta shi a kan sabbin motoci. Ya nuna mana wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda ta nan ake magana da ƙwaƙwalwar. Da muna da makulli ɗaya mai aiki, in ji shi, ƙara na biyu aikin 'yan mintoci ne. Tunda babu ko ɗaya, sai an ciro akwatin, an goge abin da ya sani, an koya masa sabon makulli.

Ya tafi da akwatin, ya dawo bayan kwana uku. Murɗawa ɗaya mota ta tashi. Kuɗin aikin da na sabon batir sun haɗiye cinikin kusan mako uku, kuma rabinsu bashi ne. Maimakon murna, sabon rikici ya tashi a kan wanda zai biya. A daren nan kowa ya ɗauki kunun buɗa-bakinsa ya nufi kusurwarsa, abin da bai taɓa faruwa a gidan ba.

Bayan asham Inna ta aika a kira mu. Ta kwance bakin zanenta, ta ajiye makullin a kan tabarma, ta ɗora kuɗin adashinta a kai.

"Ni niɗ ɗauke shi," ta ce. "Na hwaɗa muku, kun yi dariya. Bakina bai tsai da ku ba, sai nit tsai da mota. Ni ban san akwai wata kwamfuta ciki ba. Ce nike in babu makulli, tana nan har bayan Salla."

Muka sunkuyar da kai. Ta dubi Yaya, ta dubi auta.

"Kwana bakwai ina kallon ku kuna zargin juna, ban runtsa ba. Ku gahwarta mini, ku gahwarci juna."

Yaya ne ya fara tura mata kuɗinta. Auta yana kuka yana dariya. Mun kwana bakwai muna tonon wayoyi da tonon laifin juna, babu wanda ya tuna da matar da ke tsayawa a bakin zaure kullum har sai ta ji ƙarar motar ta shigo layi.

Da safe muka gwada tsohon makullin. Ya buɗe ƙofa, ya kunna rediyo, amma inji ya ƙi shi, domin an goge shi daga ƙwaƙwalwar. Mun rataye shi a akwatin sifanonin Baba. Maganarsa tana nan a kunnenmu, kuma har yau mu ke juye baƙin mai da kanmu ranar Juma'a, sai dai mun koyi cewa a motar zamanin nan akwai inda sifana take tsayawa. Abin da ya shafi ƙwaƙwalwa da wayoyinta, masu na'ura muke kira. Duk wanda ya sayi 'yar Kwatano a majalisarmu kuwa, kafin mu ce Allah ya sa alheri muna tambayarsa makulli nawa aka ba shi.

Motar ta koma hanyar Illela. Kuɗin sun ragu, an ɗan matse cefane, bashin ya kai mu har Babbar Salla. Da muka gama biya, muka koma wurin matashin nan ya yi mana na biyu, muka kai wa Inna ajiya. Ta juya shi a tafin hannunta, ta ƙulle a bakin zane.

"Wanga ai ba shi tsai da kowa," ta ce.

Muka ce mata ba sai ya tsayar ba. Yanzu idan ta ce kada a bi hanya, ba a bi.