Gonar Malam da Littafin Lissafi



A gidanmu noma gado ne, kamar yadda allo da tawada suke gado. Mahaifinmu limami ne a wani gari na jihar Maraɗi, kuma tun muna ƙanana mun saba da fita gandu bayan karatun asuba. Sai dai akwai abin da muka daɗe muna gani ba mu fahimta ba: kowace kaka rumbu yakan cika, amma kafin tsakiyar damana sai mu koma kasuwa muna awon hatsi da tiya, a kan kuɗin da ya fi wanda muka sayar nesa ba kusa ba. A shekarar 2005, bayan fari da ɗango sun ɓata amfanin 2004, sai da muka rabu da shanun huɗarmu guda biyu. Mun ɗauki abin a kan ƙaddara, kuma ƙaddara ce, amma har da sakacinmu a ciki.

Mu manyan gida karatunmu ya tsaya a lise. Don haka da ƙanenmu ya ci jarrabawar bakaloriya, duka muka ɗora masa burinmu: ko likita, ko alƙali, ko ma'aikacin duwan. Da ya ce shi sashen noma zai shiga a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, kuma abin da ya fi so shi ne fannin tafiyar da harkar gona, Inna ta yi kwana biyu ba ta ce masa uffan ba. Mu kuwa muka ce: wanda aka haifa da hauya a hannu, me jami'a za ta koya masa? Malam ne kaɗai ya yi shiru, daga baya ya ce a bar shi ya je.

Da ya fara dawowa hutu muka gane kuskurenmu. Gaskiya ne ana koya musu sanin ƙasa da iri da taki da ban-ruwa da kiwo, amma a kan waɗannan akwai lissafi: nawa aka kashe a eka ɗaya, nawa ta bayar, kwana nawa ƴan ƙwadago suka yi, yaushe ya kamata a sayar, yaushe ya kamata a ajiye. Shekara 3 ake yi a sami digiri na farko, mai son ƙari ya yi 2 a kai. Ya sayo littafi ɗaya ya ce a riƙa rubuta duk abin da ya shiga gandu da duk abin da ya fita. A ƙarshen shekara littafin ya nuna mana abin kunya: wakenmu, wanda ya fi komai kawo kuɗi, shi muke fara zubarwa a kasuwa da kaka don tsoron ƙwari.

Ya kawo mana buhun nan mai ruɓi 3 da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007. Leda biyu ne a ciki, buhu a waje. In an ɗaure da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da an zuba magani ba. Ya kuma yi mana bayanin tsarin da ƙungiyoyin manoma ke bi, inda ake jinginar da amfani a mangaza a karɓi bashi har farashi ya tashi. Nan Malam ya tsayar da shi. Ya ce jingina halal ce, amma in bashin yana da ruwa, ba a gidansa ba. Mun zaci gardama za ta tashi. Sai yaron ya koma kan littafinsa, ya fito da wata hanya: a sayar da gujiya da kaka a biya bukatun gida, a ɗaure wake sai bazara. Haka aka yi, kuma tun daga shekarar ba mu sake awon hatsi da damana ba.

Ko wajen fitar da zakka littafin ya yi amfani. Malam ya san hukunci sarai, ɗaya cikin 10 ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin 20 ga abin da aka sha wahalar ban-ruwansa. Amma a da da ido muke ƙiyasta dami. Yanzu awo muke yi, hakkin talaka yana fita daidai.

Iyaye za su tambaya, kamar yadda Inna ta tambaya: ina aikin yake? Ƙofofin suna da dama. Akwai ma'aikatar noma, da cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN da aka kafa a 1975, da hukumar ONAHA mai kula da filayen noman rani irin na Ƙonni da Jiratawa, inda ƙungiyoyin manoma ke bukatar wanda ya iya tsara rabon ruwa da riƙe asusu. Akwai bankin manoma BAGRI, da kamfanonin iri, da masu fataucin albasar Galmi zuwa ƙasashen gaɓar teku. Sai dai kada mu ruɗi kanmu: gwamnati ba ta ɗaukar kowa, kuma wanda ya shiga wannan karatu don neman kujera da fanka zai sha mamaki. Ƙanenmu ya yi shekara guda yana zagaya ofisoshi da takardunsa kafin wata ƙungiyar manoma ta ba shi riƙon mangazarta. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma gidaje da yawa sun dogara da amanarsa da alƙalaminsa.

Abin da muke roƙon iyaye shi ne, in ɗa ko ɗiya suka nuna sha'awar wannan fanni, kada a ce sun gaza. A tambaye su abin da suke nufin yi da shi, a ba su ɗan fili su gwada tun suna karatu. Littafin nan na farko yana nan a ɗakin Malam, a kan kantar da yake ajiye littattafansa, kuma yanzu Inna ce ke tuna mana in mun manta rubuta kuɗin taki.

Allah Ya ba mu damana mai albarka, Ya sa wa zuriyarmu albarka. Amin.